DALLA-DALLA: Yadda shafin IReV ke aiki, da hanyar da sakamakon rumfa ke bi daga Wonaka zuwa wayar mai zaɓe

Tun daga zaɓen 2019, kalmomi irin su "sabar", "fotal" da "tangarɗar na'ura" suka shiga bakin 'yan siyasar Najeriya da lauyoyinsu, har ta kai alƙalai na rubuta hukunci a kansu. Jihar Zamfara ta ɗanɗana wannan da kanta, domin shafin duba sakamakon zaɓe na Hukumar INEC, wato IReV, na cikin abubuwan da aka yi jayayya a kansu a shari'ar kujerar gwamna ta 2023. Duk da haka, da yawa daga cikin masu wannan muhawara a Facebook da majalisun shayi sun ɗauki shafin intanet tamkar allo guda, wanda ko dai ya buɗe ko ya ƙi buɗewa.

Kowane shafi mai ajiye bayanai, daga na JAMB zuwa na banki, an gina shi ne hawa-hawa. Akwai rumbun bayanai inda ake ajiya. Akwai rubutattun umarni da ke aiki a kan sabar, waɗanda ke karɓar buƙata su shiga rumbun su ɗauko amsa. Sannan akwai fuskar shafin, wadda HTML ke tsara ƙashinta, CSS kuma ke yi mata sutura. Wanda ya san aikin kowane hawa zai iya auna maganar jami'in da ya ce "sabar ce ta faɗi", ya gane ko maganar na da ƙafa.

Daga rumfa zuwa sabar

Wonaka ɗaya ce daga cikin gundumomin Ƙaramar Hukumar Gusau. Idan aka gama ƙirga ƙuri'a a wata rumfa da ke can, malamin zaɓe yana cike takardar sakamako mai suna EC8A da hannu, ya sa hannu ya buga hatimi, wakilan jam'iyyu su ma su sa nasu hannun. Daga nan sai ya ɗauki hoton takardar da na'urar BVAS, wadda ita ce aka yi amfani da ita tun da safe wajen tantance masu zaɓe ta zanen yatsa ko fuska, ya tura hoton ta intanet.

Abin da ke karɓar hoton shi ne sabar. Kwamfuta ce da ba a kashe ta dare da rana, tana jiran buƙatu daga wasu na'urori. Ba lallai ne tana cikin ofishin mai ita ba; yawancin hukumomi da kamfanoni haya suke yi a manyan ɗakunan sabar na kamfanoni irin su Amazon da Microsoft da Google. A zaman kotun sauraron ƙararrakin zaɓen shugaban ƙasa na 2023 ya fito fili cewa INEC ta yi amfani da Amazon Web Services. Saboda haka tambayar "ina sabar take?" ba ta da amfani sosai. Tambayar da ke da nauyi ita ce wa ke riƙe da mabuɗin shiga, kuma wa zai iya canza abin da ke ciki.

INEC ta fara amfani da IReV a watan Agusta 2020, a zaɓen cike gurbi na mazaɓar Nasarawa ta Tsakiya a Majalisar Dokokin Jihar Nasarawa. BVAS kuma ta biyo baya a 2021.

Rumbun bayanai

Rumbun bayanai ya fi kama da littafin rajistar makaranta fiye da rumbun hatsi, duk da sunan da Hausa ta ba shi. Jadawali ne masu layuka da gurabe: kowane layi abu guda ne, kowane gurbi kuma siffa ce ta wannan abin. Irin tsarin da aka fi amfani da shi a yau ya samo asali ne daga wata maƙala da Edgar Codd, ma'aikacin kamfanin IBM, ya wallafa a 1970. Shawararsa ita ce kada a rubuta bayani guda a wurare biyu. A ba kowane abu lambar shaida, a ajiye shi a jadawalinsa, sauran jadawalin su riƙa nuna shi da wannan lambar.

A ɗauki Zamfara misali. Mai gina rumbun zai buɗe jadawalin jihohi, da na ƙananan hukumomi, da na gundumomi, da na rumfuna. Zamfara na da ƙananan hukumomi 14 da gundumomi 147. Layin Wonaka a jadawalin gundumomi ba zai ɗauki kalmar "Gusau" ba, lambar Gusau zai ɗauka. Layin Gusau kuma ya ɗauki lambar Zamfara, wadda ita ce 36 a lissafin INEC. Duk mai katin zaɓe zai ga wannan tsari a jikin katinsa: lambobi kashi huɗu a jere, na jiha, na ƙaramar hukuma, na gunduma da na rumfa. Bayan ƙarin da aka yi a 2021, rumfunan zaɓe a faɗin ƙasar sun kai 176,846, kuma babu biyu masu lamba ɗaya.

Dalilin fifita lamba a kan suna a bayyane yake ga duk ɗan Zamfara. Garin da mutanensa ke kira Tsafe, tsofaffin takardun gwamnati "Chafe" suke rubuta shi. Wani zai rubuta Bukkuyum, wani Bukuyum. Wani Ɗansadau, wani Dansadau. Mutum ya san wuri guda ake nufi, amma kwamfuta za ta ɗauke su wurare dabam-dabam, ta raba musu ƙuri'u ko albashi ko buhunan taki. Irin wannan ƙofa ce ma'aikatan bogi ke bi su shiga jadawalin albashi: idan babu lambar da ba ta maimaituwa, kamar BVN ko NIN, mutum ɗaya zai iya zama uku ta hanyar sauya harafi ɗaya a sunansa.

Sai dai zaɓe ya fi haka sarƙaƙiya, domin rumfa ɗaya tana ƙarƙashin mazaɓu da dama a lokaci guda. Mai zaɓe a Wonaka da mai zaɓe a Tsafe ɗan Majalisar Wakilai ɗaya suke zaɓa, na mazaɓar Gusau/Tsafe. Na Bungudu kuwa da Maru aka haɗa shi. Amma idan aka zo kujerar sanata, dukansu huɗun, Gusau da Tsafe da Bungudu da Maru, suna cikin Zamfara ta Tsakiya. A kujerar gwamna jihar gaba ɗaya ce mazaɓa, a ta shugaban ƙasa kuma Najeriya baki ɗaya. Dole rumbun ya san duk waɗannan alaƙoƙi kafin ranar zaɓe, domin idan hoto ya iso daga rumfa, sai an san inda za a rataye shi.

Harshen da ake yi wa irin wannan rumbu magana da shi sunansa SQL, wanda shi ma a IBM aka ƙirƙiro shi a shekarun 1970. Ga misali na koyo, da sunayen jadawali na Hausa:

SELECT hoto FROM sakamako WHERE gunduma = 'Wonaka' AND zabe = 'gwamna';

Ma'anarsa: ɗauko hotuna daga jadawalin sakamako, na gundumar Wonaka, na zaɓen gwamna. Manhajojin rumbun da suka fi yaɗuwa su ne MySQL, wadda ta fito daga Suwidin a 1995, da PostgreSQL, da SQLite wadda ke cikin kusan kowace wayar Android ba tare da mai wayar ya sani ba.

Umarnin da ke kan sabar, da abin da ya faru ranar 25 ga Fabrairu

Ba a barin waya ko BVAS ta yi magana da rumbu kai tsaye, kamar yadda ba a barin mai ajiya a banki ya shiga ɗakin kuɗi da kansa. Akwai mai tsaron kanta a tsakani, wato rubutattun umarnin da ke aiki a kan sabar. Su ne ke duba ko wanda ya turo buƙata yana da izini, ko abin da ya turo ya cika ƙa'ida, sannan su ajiye ko su ɗauko. Ana rubuta su da harsuna irin su PHP, wanda Rasmus Lerdorf ya fitar a 1995, ko Python, ko Java, ko JavaScript. Mai ziyartar shafi ba ya ganin su sam, sakamakon aikinsu kawai yake gani. WordPress, wadda yawancin jaridun intanet na Najeriya ke kai, PHP ce da MySQL.

Duk lokacin da sabar ta amsa buƙata, tana haɗawa da lamba. 200 na nufin komai ya tafi daidai. 404 na nufin babu abin da aka nema. 500 kuwa na nufin buƙatar ta iso lafiya, amma umarnin da ke kan sabar ya ci karo da abin da bai san yadda zai yi da shi ba, ya tsaya. Bambancin na da muhimmanci: idan sabis ne babu, amsa ba za ta dawo ba kwata-kwata, idan amsa ta dawo da alamar kuskuren sabar, laifin yana gidan mai shafin.

Ranar 25 ga Fabrairu 2023 an yi zaɓuka uku a kowace rumfa: shugaban ƙasa, sanata da ɗan Majalisar Wakilai. Da yamma malaman zaɓe suka tarar hotunan sakamakon 'yan majalisa na hawa, na shugaban ƙasa kuwa ya ƙi, a na'ura ɗaya, a rumfa ɗaya, da sabis ɗaya. Wannan ne ya sa mutane da yawa suka ƙi yarda da kalmar "tangarɗa", kuma ba za a ga laifinsu ba.

Sai a Fabrairun 2024, shekara guda bayan zaɓen, INEC ta fitar da cikakken rahotonta. Bayanin da ta yi shi ne: an tsara manhajar ta riƙa ajiye hotuna a cikin folda-folda da suka fara daga jiha. A rumbun bayanai an ɗaura kowace mazaɓar sanata guda 109 da ta wakilai guda 360 a kan jiharta, don haka manhajar ta san inda za ta kai hotunansu. Zaɓen shugaban ƙasa kuwa mazaɓa ɗaya ce da ba ta ƙarƙashin kowace jiha. Da hotonsa ya iso, manhajar ta nemi jiharsa ta rasa, ta kasa buɗe masa folda, sai ta mayar da saƙon kuskure. Hukumar ta ce injiniyoyinta sun yi gyare-gyaren gaggawa, kuma takardar farko ta sakamakon shugaban ƙasa ta hau da ƙarfe 8:55 na dare. Zuwa lokacin malaman zaɓe da dama sun riga sun bar rumfuna, wasu na'urorin an kashe su, ga kuma cunkoson hotunan da suka taru suna jiran layi. An shafe kwanaki da makonni ana ɗora sauran.

Duk wanda ya taɓa gina shafi mai rumbu ya san irin wannan kuskure. Gurbi ne da aka ɗauka ba zai taɓa zama fanko ba, sai ga shi fanko. Kuma yana da dalilin da zai iya ɓuya: zaɓuka sama da 100 da aka yi amfani da IReV a cikinsu kafin 2023, da na gwamnonin Edo da Ondo da Anambra da Ekiti da Osun, da na cike gurbi, kowannensu a cikin jiha ɗaya ko Abuja aka yi shi. Bayanin yana iya zama gaskiya ta fuskar fasaha. Amma yiwuwar abu daban, tabbatar da shi daban. Kuma ko da an karɓe shi yadda yake, ba ya wanke hukumar, domin ɗora takardar gwaji guda ɗaya ta shugaban ƙasa a kan ainihin tsarin da za a yi aiki da shi ya isa ya tona matsalar. Zaɓen da aka fi zuba wa ido shi ne wanda kuskuren ya faɗa wa.

Abin da ke raba gardama a irin wannan hali shi ne rajistar sawu. Kowace sabar da aka kafa da kyau tana rubuta duk abin da ya faru da ita: wace na'ura ta turo buƙata, da ƙarfe nawa, wace amsa aka ba ta, wane ma'aikaci ya shiga ya taɓa wane layi. Ɗan jarida ko ɗan majalisar da ke binciken gazawar wani shafin gwamnati, wannan rajista ya kamata ya fara nema, tare da tarihin sauye-sauyen da aka yi wa manhajar a ranar. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba ɗan ƙasa damar rubuta wa hukumar tarayya ya nemi bayanan da ke hannunta.

Hoto ba lamba ba ne

Akwai wani zaɓi da aka yi wajen gina IReV wanda ya fi tangarɗar 25 ga Fabrairu tasiri a kotu. A zaɓen 2023 hoton takarda shafin ke nunawa, ba adadin ƙuri'u a matsayin lambobi ba. A wurin kwamfuta, hoton EC8A da hoton ɗaurin aure duk ɗaya ne, tarin ɗigo masu launi. Ba za ta iya haɗa ƙuri'un rumfunan Wonaka ta ba da jimla ba, ba za ta iya lura cewa ƙuri'un da aka rubuta sun zarce adadin waɗanda aka tantance ba, ba za ta ma iya gane cewa hoton ya dushe ba sai an ƙara mata wani umarni na musamman. Ɓangaren Peter Obi ya gabatar wa kotu ƙorafi a kan takardu 18,088 da ya ce ba sa karantuwa a shafin. Tattara sakamako ya ci gaba da gudana da hannu, daga gunduma zuwa ƙaramar hukuma zuwa jiha.

A nan shari'ar Zamfara ta shigo. A zaɓen gwamna na 18 ga Maris 2023, INEC ta bayyana Dauda Lawal na PDP a matsayin wanda ya yi nasara da ƙuri'a 377,726, gwamna mai ci Bello Matawalle na APC kuma ya samu 311,976. Kotun sauraron ƙararrakin zaɓe ta tabbatar da nasarar a watan Satumba. Ranar 16 ga Nuwamba, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ce zaɓen bai kammala ba, ta ba da umarnin a sake shi a Ƙaramar Hukumar Maradun da wasu sassan Birnin Magaji da Bukkuyum. Cikin dalilanta akwai cewa kuskure ne dogaro da IReV a kan sakamakon Maradun, tunda shafin na kallon jama'a ne, ba ya cikin matakan tattarawa. Ranar 12 ga Janairu 2024 Kotun Ƙoli ta soke wannan hukunci, ta tabbatar wa Dauda Lawal kujerarsa.

Matsayin IReV a dokar wancan lokacin dai Kotun Ƙoli ta bayyana shi ranar 26 ga Oktoba 2023 a shari'ar shugaban ƙasa: ba wurin tattara sakamako ba ne, kuma rashin ɗora sakamako a kansa bai isa ya rushe zaɓe ba. A wancan lokacin, sashe na 60 na Dokar Zaɓe ta 2022 ya bar wa hukumar ikon zaɓar hanyar aika sakamako. Bayan hukuncin, masu neman a gyara doka sun fi mayar da hankali kan wajabta turawa ta intanet. Akwai tambaya ta biyu da ba ta kai wannan farin jini ba, alhali ta fi kusa da aikin mai gina rumbu: me za a tura? Idan malamin zaɓe zai shigar da adadin ƙuri'un kowace jam'iyya a gurbinsa tare da hoton, sabar za ta iya yin jimla nan take, ta kuma ƙi karɓar lissafin da ya zarce yawan waɗanda aka tantance.

Wannan ba ya nufin hotunan ba su da amfani. Bayan zaɓen 2023, 'yan jaridar Premium Times da na BBC sun zauna sun haɗa ƙuri'un takardun wasu ƙananan hukumomin Jihar Ribas ɗaya bayan ɗaya, suka samu bambanci mai yawa tsakanin jimlarsu da abin da aka bayyana. Aikin da suka yi shi ne mayar da hoto lamba, kuma aiki ne da matasa biyar masu laftof ɗaya za su iya yi wa gunduma guda cikin yini.

Sutura

HTML, wanda Tim Berners-Lee ya ƙirƙiro a cibiyar bincike ta CERN da ke Jeniba a farkon shekarun 1990, yana faɗa wa burauza cewa wannan kanu ne, wannan sakin layi, wannan hoto. CSS kuma, wanda Håkon Wium Lie ɗan ƙasar Nowe ya gabatar a 1994 aka amince da shi a 1996, yana faɗin launi da girman rubutu da inda kowane abu zai zauna. Fayil ɗaya na CSS na iya yi wa shafuka dubu sutura iri ɗaya, kuma da shi ake sa shafi ya tsuke kansa idan an buɗe shi a waya. Wannan na ƙarshe ba ado ba ne a jihar da mafi yawan masu shiga intanet ta waya suke shiga. Fom ɗin neman aiki ko tallafin karatu da maɓallinsa ya ɓuya a gefen allon waya yana tilasta wa ɗalibin ƙauye biyan kuɗin mota zuwa shagon kwamfuta a Gusau.

Abin da ya kamata kowa ya riƙe game da wannan hawa shi ne a buɗe yake. HTML da CSS na kowane shafi suna sauka a kan na'urar mai ziyara, don haka kowa na iya kwafe su. Cikin sa'a guda yaro mai matsakaicin ilimi zai iya haɗa shafin da ba a bambanta shi da na wata hukuma, da tambari da koren launi da hoton shugaban ƙasa. Shafukan bogi na ɗaukar aiki da rabon tallafi da ke yawo a WhatsApp haka ake yin su. Rumbun da ke bayansu na ɗan damfara ne, kuma NIN da lambar asusu yake tarawa. Haka nan kowa na iya danna madannin bincike a burauzarsa ya sauya lambar da ke kan allo, ya ɗauki hoton allon ya yaɗa, ba tare da komai ya canza a rumbu ba. Hoton allo ba hujja ba ne sai an buɗe adireshin an gani. A shari'ar 2019, alƙaluman da ɓangaren Atiku Abubakar ya ce na sabar INEC ne daga wani shafi da ba na hukumar ba aka samo su, kuma kotu ba ta karɓe su ba.

Adireshi ne abin dubawa. Wanda ya ƙare da .gov.ng sai hukumar gwamnati ake ba wa, ta hannun NITDA. Ita kanta INEC babban shafinta da .org ya ƙare, abin da ba ya taimaka wa mai son tantancewa. Alamar kwaɗo da ke gefen adireshi kuwa tana nufin an rufe hanyar da ke tsakanin waya da sabar ne kawai. Kyauta ake samun ta, kuma 'yan damfara ma suna da ita.

Inda babu sabis

Duk waɗannan hawa suna tsaye ne a kan layin sadarwa, kuma mutanen Zamfara sun fi kowa sanin haka. A farkon Satumban 2021 Hukumar NCC ta umarci kamfanonin waya su rufe sabis a faɗin jihar bisa buƙatar gwamnatin jiha, saboda yaƙi da 'yan bindiga. An ce mako biyu ne, amma Gusau sai farkon Oktoba ta samu, wasu ƙananan hukumomin kuma suka kai ƙarshen Nuwamba. POS ya tsaya, tura kuɗi ya tsaya, masu cike fom sai sun tsallaka Funtuwa ko wani gari a wajen jihar.

Mai gina manhajar da za ta yi aiki a Wonaka ko ƙauyukan Tsafe da Bungudu dole ya ɗauka tun farko cewa sabis zai yanke. Hanyar da aka saba ita ce a ajiye bayanin a ƙaramin rumbu cikin na'urar, a sa shi a layi, ya tafi da kansa idan sabis ya dawo. BVAS na da wannan tsari. Sai dai yana zuwa da tambayarsa: tsakanin ɗaukar hoto da isarsa sabar, a hannun wa na'urar take? Shi ya sa ya kamata rumbu ya ajiye lokuta biyu, na ɗauka da na isowa, kuma a nuna wa jama'a duka biyun.

Tsaro

Shahararriyar hanyar kutse cikin rumbu ita ce cusa umarni. Maharin yana rubuta guntun SQL a gurbin da aka ce a sa suna. Idan mai gina shafin ya haɗa abin da aka rubuta kai tsaye da umarninsa, rumbun zai yi wa baƙon biyayya, ya zazzage masa jadawali ko ya goge. Maganin sananne ne kuma ba ya cin ko sisi: a aika umarni daban, abin da baƙo ya rubuta daban. Kalmar sirri kuma ba a ajiye ta yadda take, ana niƙa ta da lissafin da ba ya komawa baya. Duk shafin da ya iya turo wa mutum tsohuwar kalmar sirrinsa idan ya manta, to bai niƙa ta ba.

A Satumban 2022 shugaban INEC na lokacin, Farfesa Mahmood Yakubu, ya ce an kai wa IReV hare-hare a zaɓukan Ekiti da Osun, wasu daga nahiyar Asiya, kuma ba su yi nasara ba. Amma ɓarnar da ta fi yawa a Najeriya ta masu mabuɗi ce. A 2024 ƙungiyar Paradigm Initiative ta bayyana cewa akwai shafukan da ke sayar da bayanan NIN na 'yan ƙasa a kan Naira 100. Dokar Kare Bayanai da aka sa wa hannu a Yunin 2023 ta ɗora alhaki a kan duk mai tara bayanan mutane, kuma wannan ya haɗa da ƙungiyar matasa ko ofishin kamfen da ke tattara sunaye da lambobin waya da hoton katin zaɓe.

Ga mai son koyo

Kayan aikin kyauta ne. Manhaja irin XAMPP tana mayar da laftof ƙaramar sabar mai PHP da rumbu, ta yi aiki ba tare da data ba, wanda ya dace da mai fama da tsadar data da ɗaukewar wuta. Tsarin da ya fi sauƙi shi ne a fara da HTML da CSS, a wuce SQL, sannan harshen sabar guda ɗaya, a daɗe a kansa. Jami'ar Tarayya ta Gusau da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙauran Namoda suna koyar da ilimin kwamfuta, akwai kuma shirin 3MTT na gwamnatin tarayya da aka fara a 2023. Aikin gwaji da ya fi darasi ashirin shi ne mutum ya gina rumbun gundumarsa: rumfuna, sakamakon kowace, ayyukan mazaɓa da aka sa a kasafi da halin da suke ciki. Idan ya tashi fitar da shi duniya, zai sayi adireshin .ng daga dillalan da NiRA ta amince da su, ya yi hayar wuri a sabar.

Akwai tarko ɗaya da ya keɓanta da mai rubuta Hausa. Haruffan ɓ, ɗ da ƙ ba sa cikin tsohon tsarin haruffa na latin1, wanda shi ne MySQL ke ɗauka da kanta kafin fitowar siga ta 8 a 2018, kuma har yanzu akan tarar da shi a tsofaffin sabar na haya. Dole a zaɓi UTF-8 a wurare uku: a shafin, a hanyar da ke tsakanin umarni da rumbu, da kuma jadawalin kansa, inda MySQL ke kiran sa utf8mb4. Idan aka bar ɗaya, Ɗansadau zai koma ?ansadau, Ƙaura ta koma ?aura. Da zarar rumbun ya ajiye alamar tambaya a madadin harafin, sauya tsarin daga baya ba ya dawo da shi, sai an bi sunayen ɗaya bayan ɗaya an sake rubutawa.